Ƙungiyoyin Ƙwadagon Masu Tatsar Roba da Kare Kurmin Amazon a Jihar Acre

Ƙungiyoyin ƙwadagon masu tatsar roba na jihar Acre, da ke ƙuryar yammacin Birazil a kan iyaka da Boliviya da Peru, ƙungiyoyi ne na ma'aikatan karkara da suka kafu a tsakiyar shekarun 1970 domin hana korar mazauna kurmin Amazon daga filayen da suke ci da sha a kansu. Gwagwarmayarsu ce ta haifar da wani sabon nau'in gandun daji, wanda doka ta hana a share shi amma ta yarje wa mutane su zauna a ciki suna cin moriyar albarkatunsa. Ba da sunan kare muhalli suka fara ba. Abin da ya tara su shi ne bashi, da farashin roba, da fargabar rasa matsuguni.

Asalin masu tatsar roba

Yawancin kakannin waɗannan ma'aikata daga arewa maso gabashin Birazil suka fito, musamman bayan mummunan farin da ya soma a 1877, a daidai lokacin da masana'antun Turai da Amurka ke neman roba ruwa a jallo. Yawansu ne ya sa yankin Acre, wanda a da yake hannun Boliviya, ya koma ƙarƙashin Birazil bisa yarjejeniyar Petrópolis ta 1903. Kasuwar ba ta daɗe ba ta karye, domin irin itacen da aka kai Ingila a 1876 ya zama manyan gonaki a Malaya (cikin Malesiya ta yanzu), kuma robar gona ta fi ta daji araha. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sake kwaso dubban mutane zuwa kurmin, sa'an nan aka yi watsi da su da yaƙin ya ƙare.

Kowane iyali yana da nasa yanki na ɗaruruwan hektoci, tun da itacen roba a warwatse yake fitowa a daji. Mai tatsa yana fita tun da asuba ya bi hanyarsa yana tsaga bawon kowace itaciya yana saƙala ɗan gwangwani, daga baya ya sake zagayowa ya tattara ruwan. Da damina kuma sai a koma tsintar ƙwallon kastanya, 'ya'yan wata itaciyar kurmin da ake ci. Sai dai duk abin da ya tara dole ne ya kai shagon ubangidan da ke riƙe da yankin, wanda shi ke yanke farashin roba, shi ke yanke na gishiri da kananzir, shi ne kuma ke riƙe da littafin bashi. Da yake babu makarantu, kusan babu mai iya duba lissafin, bashin kuma har gadonsa ake yi.

Kafuwar ƙungiyoyin

Gwamnatin soja da ta mulki Birazil daga 1964 zuwa 1985 ta ƙarfafa wa attajiran kudu gwiwa su sayi filaye a Amazon su mayar da su makiyayar shanu. Waɗannan ba makiyaya ne masu yawo da dabbobi ba. Masu jari ne da ke sare daji, su cinna masa wuta, su shuka ciyawa, su kewaye da waya. Tsofaffin iyayen gidan roba suka riƙa sayar da yankunansu tamkar babu kowa a ciki, iyalai da yawa suka watse zuwa unguwannin talakawa na birnin Rio Branco, babban birnin jihar, ko suka tsallaka Boliviya. Da taimakon haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan gona ta ƙasa, CONTAG, da cocin Katolika a ƙarƙashin Bishop Moacyr Grechi, aka kafa ƙungiyar ma'aikatan karkara ta garin Brasiléia a 1975, sai ta garin Xapuri a 1977.

Dabarar da suka shahara da ita, wadda suke kira empate, ta soma a 1976. Da zarar labari ya zo cewa za a sare wani yanki, sai maza da mata da yara su yi takakkiya zuwa wurin, su tsaya tsakanin itatuwa da masu injin yanka, su lallashe su su ajiye aiki. Masu saran ma talakawa ne 'yan ƙwadago, wasu har tsofaffin masu tatsar roba ne, abin da ya sa maganar kan yi tasiri. Ba kullum ake nasara ba, kuma gwagwarmayar ta ci rai: a watan Yulin 1980 aka harbe shugaban ƙungiyar Brasiléia, Wilson Pinheiro, a cikin ofishin ƙungiyar. Daga nan jagoranci ya koma Xapuri, hannun Chico Mendes, wanda aka haifa a 1944 a cikin kurmin, bai kuma koyi karatu ba sai da ya zama saurayi.

Gandun daji mai mutane a ciki

A watan Oktoban 1985 aka yi taron farko na masu tatsar roba na ƙasa baki ɗaya a Brasília, babban birnin ƙasar, inda aka kafa majalisarsu ta ƙasa. A nan ne suka yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci a tarihinsu. Rabon filaye irin wanda gwamnati ta saba yi, wato a yanka wa kowa ƙaramar gona da takarda, bai dace da sana'arsu ba, domin ƙaramin fili ba ya ɗauke da itatuwan da za su ciyar da iyali, kuma duk mai takarda ana iya matsa masa ya sayar. Sai suka ari tsarin filayen 'yan asalin ƙasa: ƙasar ta zama mallakin gwamnatin tarayya, ba a sayarwa, mazauna kuma su sami haƙƙin amfani da ita a ƙungiyance. Wannan ya kusantar da su da ƙabilun asali waɗanda kakanninsu suka yi gaba da su, har suka ƙulla ƙawancen al'ummun kurmi.

Daga nan ne masu fafutukar muhalli na waje suka lura da su. A 1987 Mendes ya halarci taron Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka a Miami, ya yi bayanin ɓarnar da ke bin titin BR-364 da ya ratsa kurmin zuwa Acre, bankin kuma ya dakatar da kuɗin shimfiɗa titin na wani lokaci. A ranar 22 ga Disamban 1988, watanni bayan ƙungiyar ta hana saran dajin Cachoeira da ke yankin Xapuri, aka harbe shi a gidansa da ke Xapuri. A 1990 kotu ta yanke wa mai gandun shanu Darly Alves da Silva da ɗansa Darci hukuncin ɗaurin shekara 19 bisa laifin kisan. A wannan shekarar aka kafa gandun farko a yankin Alto Juruá na jihar Acre, sai wanda ke ɗauke da sunan Mendes, mai faɗin sama da hekta 900,000. Dokar shekarar 2000 ta shigar da irin waɗannan gandaye cikin tsarin kare muhalli na ƙasa, kuma tun 2007 hukumar da ke kula da su sunan Mendes take amsawa. Marina Silva, wadda ta taso cikin wannan gwagwarmaya, ta zama ministar muhalli a 2003.

Matsalar kasuwa

Takardar doka ta kare ƙasa, amma ba ta ɗaga farashin roba ba. Jihar Acre ta fito da tallafi a kan kowane kilo a 1999, aka kuma buɗe masana'antar kwaroron roba a Xapuri a 2008 don sayen ruwan robar daji, duk da haka kuɗin da ke shigowa bai kai na saniya ba, wadda ake iya sayarwa a kowane wata idan rashin lafiya ta taso. Saboda haka kiwo ya shiga cikin gandun Chico Mendes kansa, har a hannun 'ya'ya da jikokin waɗanda suka tsaya gaban injin yanka, saran daji kuma ya ƙaru a cikinsa, ko da yake bai kai na filayen da ke kewaye ba. Shirin sare zaɓaɓɓun itatuwan katako bisa ƙa'ida, wanda wasu al'ummu kamar ta Cachoeira suka rungumi a farkon shekarun 2000, ya raba kan 'yan ƙungiyar: wasu na ganin hanyar samun kuɗi ce ba tare da an share dajin ba, wasu shugabannin ƙungiyar Xapuri kuwa sun yi adawa da shi, suna cewa kamfanonin katako ne ke kwashe ribar.