Waiwaye: Yadda masana'antu suka koma samar da lantarki da tururi daga wuta ɗaya

A farkon ƙarni na 20, yawancin manyan masana'antu a Turai da Amurka da kansu suke samar da lantarkinsu. Dole ce ta sa. Masaƙu da kamfanonin takarda da na sukari suna da tukunyar tururi tun asali, don rini da dafawa da busarwa. Sai aka riƙa tura tururin mai ƙarfi ya juya injin tabain, wato farfelar da ke juya janareta, tukuna, ya fito da sauran zafinsa a yi aiki da shi.

Da manyan tashoshin lantarki suka bunƙasa, wutarsu ta yi araha, masana'antu suka jingine nasu injinan. Haka aka tafi har 1973, lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi. A 1978 gwamnatin Carter ta kafa dokar PURPA, wadda ta tilasta wa kamfanonin lantarki sayen rarar wutar da masana'antu masu samar da lantarki da tururi tare suka samar. Tarayyar Turai ta fitar da nata umarnin na ƙarfafa wannan tsari a 2004.

Lissafin a bayyane yake. Tashar lantarki ta gargajiya tana mayar da kashi 33 zuwa 40 cikin ɗari na makamashi lantarki, sauran ya bi iska da ruwan sanyaya inji. Idan aka kama zafin nan, amfanin yakan kai kashi 65 zuwa 80. A injin gas, hayaƙin salansa yana fita da zafin digiri 400 zuwa 500 a ma'aunin Celsius, wanda ya isa tada tururi, ruwan jikin injin kuma yana kai digiri 80 zuwa 90, daidai wanke-wanke ko ɗumama ruwan da zai shiga tukunya. Masana'antun sukari kuwa tukar rake suke ƙonawa, don haka makamashinsu a gida yake.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen auna girman inji. Wasu sukan auna da buƙatar lantarki, alhali buƙatar zafi ce ma'auni. In zafin ya yi yawa, sai a zubar da shi ta lagireto, an koma janareta mai tsada ke nan. Masana'antar da ba ta aiki aƙalla sa'o'i 4,500 zuwa 5,000 a shekara da wuya ta mayar da kuɗinta. Sai ruwa: in ba a tace shi ba, gishirin cikinsa yana daskarewa a bututu ya hana zafi ratsawa, har bututun ya fashe. Haka kuma in aka matse wa hayaƙi zafi fiye da kima, raɓa mai asid ta taru ta cinye ƙarfe, musamman idan man yana da farar wuta.

Abin takaici a Najeriya, masana'antu da dama sun daɗe suna kunna janareta a gefe guda, suna ƙona baƙin mai a tukunya a ɗaya gefen, zafin salansa yana tashi sama a banza tsakanin injinan biyu.