Aƙida

Aƙida (jam'i aƙidu, wasu su ce aƙidoji) ita ce abin da mutum ya ƙulla a zuciyarsa cewa gaskiya ne, kuma yake furta shi da baki ba tare da kokwanto ba. Kalmar aro ce daga Larabci. A rubutun waya za ka ga akida ko aqida, duk abu guda ne, rashin ƙ ne a telefon ya jawo haka.

Asali

Tushenta a Larabci haruffa uku ne, ainun da ƙafun da dalun, ma'anarsu ɗaurewa ko ƙulli, irin dai yadda ake ƙulle bakin buhu. Daga nan Larabawa suka samo sunan yarjejeniyar ciniki da na ɗaurin aure, to ka ga mu ma da muke cewa an ɗaura aure ba mu yi nisa da su ba. Ita kanta kalmar aƙida ba ta zo a Alƙur'ani ba, danginta ne suka zo, kamar uƙad a suratul Falaƙ wajen masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle, da addu'ar Annabi Musa a suratu Ɗaha inda ya roƙi a kwance masa ƙullin harshensa. Da ta shigo Hausa ainun ɗin ya faɗi, ƙafun ya koma ƙ kamar yadda ya faru da alƙali da alƙalami.

Tarihi

Malaman farko ba aƙida suke ce wa wannan fanni ba, sun fi cewa imani ko sunna ko usuluddini, akwai ma Fiƙhul Akbar da ake danganta wa Abu Hanifa. Wajen ƙarni na 4 na hijira sunan ya fara zama, misali taƙaitaccen rubutun Imam Ɗahawi na Masar wanda ya rasu a 321 hijira, shi ake kira Aƙidatuɗ Ɗahawiyya har yau.

Amma a ƙasar Hausa ba ta wannan hanya abin ya fi shigowa ba, ta Magrib, wato Arewacin Afirka, ya biyo tare da mazhabar Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan (ya rasu 386 hijira, wajen 996) tana da babi tun a farko a kan abin da harsuna ke furtawa zukata kuma suke ƙudurcewa, kuma gaskiya da wuya a samu bayanin kalmar da ya fi wannan kan babin. Duk wanda ya zauna zauren malam a Birni cikin Damagaram bayan sallar asuba ya san yadda ake yi, ɗalibi ya durƙusa kan buzu da littafinsa mai jar takarda ya ja Larabci kalma biyu ya tsaya, malam ko duba littafin bai yi ba ya ce "kuma zukata su ƙudurce shi", ɗalibi ya ce na'am ya ja gaba, kafin ya kai nan kuwa ya riga ya wuce littattafan Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya.

Sai littafin Ummul Barahin, wadda ake ce wa Sugra, ta Shehu Sanusi na Tilimsan a Aljeriya ta yanzu, ya rasu 895 hijira wato 1490. Ita ce ta yaɗa lissafin nan da tsofaffi suke haddacewa: siffofi 20 da suka wajaba ga Allah, 20 da suka koru gare shi, 1 da ta halatta, sannan ga manzanni 3 da suka wajaba, 3 da suka koru, 1 da ta halatta. Fulani sun yi mata sharhi na baka da harshensu suka kira shi kaɓɓe, shi ma daga ɗaurewa yake a Fulatanci, wato dai sun fassara kalmar ne ba su are ta ba kamar mu. Wasu daga masu wannan karatu sun zafafa har suka riƙa kafirta talakan da bai iya kawo hujjojin ba, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi musu raddi mai yawa a kan haka, ya ce imanin gama-garin musulmi ingantacce ne.

Saɓani

A 1972 Sheikh Abubakar Gumi ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha, a 1978 aka kafa Izala a Jos, daga baya ta tsallako Nijar, an fi cewa cikin shekarun 1980. Tun lokacin kalmar ta zama abin rarrabe ɓangare tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala da 'yan Shi'a, kowa yana cewa tasa ce ta magabata.

Amfani a yau

Yanzu ta wuce addini. Gidajen rediyo suna cewa aƙidar gurguzu, aƙidar jari hujja, masu tsattsauran aƙida. A siyasa idan an ce wane ɗan aƙida ne yabo ne, ana nufin ba kuɗi ya kai shi jam'iyya ba, kuma misalin da ake yawan kawowa shi ne 'yan NEPU na Malam Aminu Kano, mu a nan Nijar kuma 'yan Sawaba na Djibo Bakary da aka haramta jam'iyyarsu a 1959. A fada wajen shan shayi samari har kulob ɗin ƙwallo suna ce wa aƙida, ɗan kabu-kabu ya ce maka shi Barsa aƙida ce ko an ci su biyar.

Kiristoci Hausawa sun fi amfani da kalmar bangaskiya.