Garin 'yan fansho a Florida: yadda mazauna ke bin labarin shari'arsu da kamfani

*Wane irin gari ne wannan?*

The Villages ke nan, a tsakiyar jihar Florida ta Amurka. Kamfanin iyalan Morse ne ya gina shi don masu shekara 55 zuwa sama, kuma ya bazu cikin gundumomi uku: Sumter, Lake da Marion. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum sama da 79,000 a ɓangaren da aka lissafa da sunan garin. Mutum ya sayi gidansa, amma duk wata yana biyan kuɗin kula da wuraren shaƙatawa: wuraren ninƙaya, zaurukan taro, filayen golf, da hanyoyin 'yan ƙananan motocin da tsofaffin ke zuwa kasuwa da asibiti a ciki.

*To ina rigimar ta samo asali?*

Daga wannan kuɗin wata. Kamfanin ya sayar da wuraren shaƙatawar ga wata hukumar yanki, irin waɗanda dokar Florida ta 1980 ta ba da damar kafawa. Sai dai masu filayen kasuwanci ne ke zaɓen shugabannin hukumar, kuma kamfanin ne babban mai filayen. Mai sayarwa da mai saye kusan hannu ɗaya ke nan. Wasu mazauna suka kai ƙara a madadin sauran, suna cewa ba a ware isasshen kuɗi don gyara da kula da wuraren ba. A 2008 aka yi sulhu: kamfanin ya amince ya biya kusan dala miliyan 40 cikin shekara 13, aka kuma kafa kwamiti wanda mazauna ke zaɓen mafi yawan membobinsa, ya riƙa duba yadda ake kashe kuɗin a tsohon ɓangaren garin, arewa da titin 466. Sulhu ne, ba hukuncin da ya kama wani da laifi ba.

*Me zai hana su karanta labarin a jarida kawai?*

Nan ne gizo ke saƙar. Jaridar garin, Daily Sun, ta kamfanin ce, haka ma gidan rediyon WVLG. Ba sai jarida ta yi ƙarya ba. Ya isa ta sa labarin a can ciki, ko ta yi shiru. Shi ya sa ƙungiyar masu gidaje ta POA, wadda aka kafa a 1975 ba tare da hannun kamfanin ba, take buga tata mujallar duk wata. Ita ma tana da ɓangare, ba ta ɓoye ba. A ganina wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, rabin magana ya ji.

*Akwai hanyar da ba ta bi ta bakin kowa ba?*

Akwai. Hukumomin yankin na gwamnati ne a idon dokar Florida, don haka dole su yi zamansu a buɗe, kuma kowa na da ikon neman takardunsu, har da kasafin kuɗi da bayanin abin da aka tattauna. Takardun shari'a kuma suna ofishin magatakardar kotu, yawancinsu ana duba su ta intanet da lambar ƙara.

*Wanda bai sa hannu a ƙarar ba, ta shafe shi?*

Ƙwarai kuwa. A irin wannan ƙara, sulhun kan hau kan duk wanda ke cikin rukunin. Akan aiko da takardar sanarwa mai ɗauke da wa'adin nuna rashin amincewa, kuma a shari'o'in diyya da yawa akwai damar cire kai. Tsoho ya tura takardar cikin tarin tallace-tallace, wa'adi ya wuce, shi ke nan. Kuma lauyan kamfani ba lauyan mazauna ba ne, ko da ya yi bayani cikin fara'a a zauren taro.

*Daga 2008 rigima ta ƙare?*

A'a. A shekarar ce hukumar haraji ta IRS ta fara binciken takardun bashin da hukumar yankin ta sayar ba tare da haraji ba. A 2013 IRS ta ce ta fuskar haraji hukumar yankin ba ta cika sharaɗin zama reshen gwamnati ba, tunda ba jama'a ke zaɓenta ba. Sai 2016 aka rufe binciken.