Guantanamera: waƙar Kyuba da kowa ke zuba mata nasa baitin

Shin wannan suna yana da alaƙa da gidan yarin Guantanamo da muke ji a labarai?

Wuri ɗaya ne, amma waƙar ta girmi gidan yarin nesa ba kusa ba. Guantanamo lardi ne a ƙarshen gabashin tsibirin Kyuba. Amurka ta karɓi hayar gaɓar ruwan yankin tun 1903 ta kafa sansanin sojan ruwa, sai a 2002 aka buɗe kurkukun da ya ɓata wa wurin suna. Ita kuwa waƙar, amshinta kira ne kawai ga wata baƙauyiya 'yar Guantanamo, kuma mutanen Kyuba sun riga sun saba rera ta shekaru da dama kafin a kulle kowa a can.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Sunan da aka fi jingina mata shi ne na Joseíto Fernández, mawaƙin birnin Havana da aka haifa a 1908, ya rasu a 1979. An yi jayayya a kan asalin karin, kamar yadda akan yi a kan kowace waƙa da ta yi kuɗi, amma ba a musun cewa shi ya shigar da ita gidajen mutane ta rediyo. Yadda ya yi amfani da ita ma abin lura ne. A wani shiri na tashar CMQ, yakan ɗauki labarin da ya faru a ranar, galibi kisan kai ko rikicin masoya, ya tsara shi cikin baitoci, ya rera a kan wannan kari. Gobe labari ya canza, baitoci su canza, amshi yana nan daram. Duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗin baka da 'yan amshinsa ya san wannan tsari: maigida ya zuba abin da ya zo masa, yara su riƙe gindin waƙa.

To baitocin da duniya ta sani yau fa, na waye?

Na José Martí ne, marubuci kuma jagoran neman 'yancin Kyuba daga mulkin Sifaniya, wanda aka kashe a fagen daga a 1895. An ciro su daga diwaninsa mai suna Versos Sencillos na 1891. Mai tsara kiɗa Julián Orbón ne ya ɗora su a kan karin. A cikinsu mai magana yana cewa shi mutum ne mai gaskiya, kuma ya zaɓi ya haɗa ƙaddararsa da ta talakawan duniya. Daga nan waƙar da ake ba da labarin laifuka da ita ta koma kamar taken ƙasa na biyu.

Abin mamaki, masu goyon bayan gwamnatin Fidel Castro suna rera ta, waɗanda suka guje masa suka tare a Miami su ma suna rera ta, domin kowane ɓangare yana ganin Martí nasa ne. Celia Cruz, wadda ta bar Kyuba a 1960 ba ta ƙara komawa ta zauna ba, tana cikin waɗanda suka fi yi mata hidima. Ta rera ta a Kinshasa a 1974, a bikin kiɗan da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman.

Ta yaya ta fita waje?

Wani ɗalibin Orbón, Héctor Angulo, ya koya wa mawaƙin Amurka Pete Seeger ita. Seeger ya rera ta a zauren Carnegie na New York a 1963, watanni kaɗan bayan rikicin makamai masu linzami da ya kusa haɗa Amurka da Tarayyar Sobiyet yaƙi a kan Kyuba. A 1966 ƙungiyar The Sandpipers ta sake ta cikin sanyin murya, ta shiga sahun waƙoƙi goma da aka fi saye a Amurka. A ganina wannan sigar ta zare wa waƙar gishirinta, amma ita ce ta kai ta kunnen masu sayen faifai. A 1997 Wyclef Jean ya mayar da ita hip hop.

A fim fa?

Akwai fim ɗin Kyuba na 1995 da ya ɗauki sunanta kacokan, wanda Tomás Gutiérrez Alea da Juan Carlos Tabío suka ba da umarni. Labarin ɗaukar gawa ne daga Guantanamo zuwa Havana, ana sauya mota daga lardi zuwa lardi saboda wani tsari na tsimin mai da wani jami'i ya ƙirƙiro, kuma ta nan aka yi wa aikin gwamnati shaguɓe. A fim ɗin an mayar da waƙar ga aikinta na asali: sababbin baitoci ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a hanya.

Me ya sa nake jin kamar na san karin, alhali ban taɓa neman waƙar ba?

Idan kana kallon ƙwallon Ingila, ka sha jin sa. 'Yan kallo suna ɗora sunan ɗan wasa a kansa su ce babu kamarsa, ko su yi wa abokan hamayya gori cewa sai suna cin wasa suke iya waƙa, ko su gaya wa koci cewa da safe za a sallame shi. Karin gajere ne, ba ya neman gwanin murya, kuma kusan kowane suna yana shiga cikinsa. A Suwidin ma an yi tallar mayar da kwalabe da gwangwanaye da shi.