Lafiyar Unguwa Ta Fi Ƙarfin Asibiti Shi Kaɗai

Yawancin cututtukan da ake kawowa asibiti sun samo asali ne tun daga gida da hanya da wurin aiki. Yaron da ya zo da gudawa za a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, ya murmure cikin 'yan kwanaki, sannan ya koma ya ci gaba da shan ruwan rijiyar da masai ke tsiyaya a cikinta. Ma'aikacin lafiya ba shi da hurumin gyara rijiya ko yashe kwata ko sanya fitila a titi. Waɗannan ayyuka suna hannun hukumar ruwa da ƙaramar hukuma da makarantu da jami'an tsaro da masu gidajen haya da mazauna unguwar kansu, kuma muddin kowa yana aikinsa shi kaɗai, yaron nan zai sake dawowa.

Wannan ne ya sa taron da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya a birnin Alma-Ata, da ke ƙasar Kazakistan ta yau, a 1978 ya bayyana cewa jama'a suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga cikin tsara harkar lafiyarsu da aiwatar da ita. A 2008 kuma wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙarƙashin jagorancin masanin lafiyar jama'a Michael Marmot ya nuna cewa yanayin da aka haifi mutum a ciki, da inda ya girma, da irin aikin da yake yi, suna da babban tasiri a kan lafiyarsa da tsawon rayuwarsa.

Amfanin haɗin gwiwa na farko shi ne kowane ɓangare yana riƙe da labarin da ɗaya ɓangaren ba shi da shi. A birnin Kadif na Birtaniya, wani likitan tiyata mai suna Jonathan Shepherd ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa sashen gaggawa da raunukan faɗa ba su taɓa kai rahoto ga 'yan sanda ba. Daga shekarun 1990 aka ɓullo da tsarin da asibiti yake tattara bayanin inda aka ji wa mutum rauni, da lokacin, da irin makamin, ya miƙa wa 'yan sanda da hukumar birni ba tare da sunan majinyaci ba. Da wannan bayani aka gano titunan da rikici ya fi yawa a kansu, aka sauya tsarin sintiri, kuma yawan masu kwanciya a asibiti saboda faɗa ya ragu. Irin wannan dabara za ta yi aiki a kan haɗarin mota, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Littafin rajistar asibiti zai iya nuna mahaɗar da ake yawan buge yara, amma shugaban makaranta da ƙungiyar direbobi da injiniyan hanya ne za su iya gyara ta.

Amfani na biyu shi ne amana. A annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, cutar ta yaɗu sosai ta hanyar wankan gawa da jana'iza. Iyalai da dama sun ɓoye mamatansu lokacin da aka zo musu da umarni kawai. Al'amarin ya fara sauƙi ne bayan an zauna da limamai da fastoci da shugabannin al'umma, aka tsara binnewar da ke kare masu rai ba tare da wulaƙanta mamaci ba.

Inda ƙawancen al'umma ya fi yin tuntuɓe, a ganina, shi ne batun adalci. Sau da yawa ana cika ɗakin taro da masu muƙami, alhali waɗanda matsalar ta fi ci wa tuwo a ƙwarya ba su ma san an yi zaman ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da take ratsa lungu mai duhu idan naƙuda ta kama maƙwabciyarta da dare ta fi kowa sanin inda ake buƙatar haske. Mai keken guragu ne zai faɗa muku cewa matakalar ƙofar asibiti ce take hana shi zuwa a duba hawan jininsa. Gayyata kaɗai ba ta wadatarwa. Dole a duba lokacin taro, domin mai aikin yini ba zai bar abincin iyalinsa ya zo zama da hantsi ba. A duba harshen da ake magana da shi. A kuma tabbatar cewa idan aka zo yanke shawara, ra'ayin baƙo da matashi da bazawara yana da nauyi daidai da na mai kujera. Ƙawancen da bai kula da wannan ba yakan kai gyara ga layin da ya riga ya fi sauran samun kulawa, giɓin da ake son cikewa kuma ya ƙara faɗi.

Ga masu niyyar farawa, shawarata ita ce ku ɗauki matsala guda wadda kowa yake gani da idonsa, kamar gurɓataccen ruwa ko mahaɗa mai haɗari ko yaran da ba su kammala allurar rigakafi ba. Ku rubuta yadda abin yake a yau, domin ku iya gane ko an samu sauyi nan gaba. Kowane aiki a ɗora shi a kan mutum sananne tare da ranar da zai kawo bayani. Duk kuɗin da ya shigo a karanta shi a bainar jama'a, domin zargi a kan kuɗi yana saurin tarwatsa tafiya. Sirrin majinyaci kuma amana ce: abin da zai fita daga asibiti zuwa teburin taro adadi ne da wuri da lokaci, sunan mara lafiya da cutarsa su tsaya tsakaninsa da mai duba shi.