Ori: ƙaddara da zaɓi a tunanin Yarbawa da binciken ƙwaƙwalwa

A addinin gargajiya na Yarbawa, ori na nufin kai, amma ba wanda ake ɗora wa hula kaɗai ba. Akwai ori inu, kan ciki, mai ɗauke da rabon mutum. Baitocin Ifa, tsarin duba na Yarbawa, sun ce kafin haihuwa mutum kan shiga gidan Ajala, maginin kawuna a sama, ya ɗauki nasa. Ajala kuwa ba mai kula ba ne. Wasu kawunan bai gasa su sosai ba, ruwan sama ya lalata su a hanyar zuwa duniya. Daga waje ba a gane mai kyau.

Kalmomi uku ne ke yawo a nan: akunleyan, abin da aka durƙusa aka zaɓa, akunlegba, abin da aka durƙusa aka karɓa, sai ayanmo, abin da aka liƙa wa mutum. Da shigowar mutum duniya ya manta komai. Orunmila, abin bautar Ifa kuma shaidan rabo, bai manta ba, shi ya sa ake zuwa wajen babalawo, mai duba da Ifa. Hadaya, wato ebo, da hali nagari, iwa, na iya gyara rabo ko ɓata shi, haka ma ese, ƙafa, alamar ƙoƙari. Masana na ja-in-ja kan ko zaɓin makaho irin wannan ya cancanci a kira shi zaɓi.

Binciken ƙwaƙwalwa ma ya taɓo batun zaɓi. A 1983, Benjamin Libet na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutanen da aka ce su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama. Alamar shirin motsi ta bayyana a ƙwaƙwalwa kusan rabin daƙiƙa kafin motsin, alhali sun ji niyyar ne kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafinsa. Wasu suka ce zaɓi ya mutu. Libet kansa bai yarda ba, ya ce mutum na iya fasawa a ɗan taƙin da ya rage. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa alamar na iya zama kaɗawar ƙwaƙwalwa ce kawai da ke taruwa, ba shawara ba.

Ana yawan haɗa batutuwan biyu don duk suna kai shawara inda sani bai kai ba. Sai dai kwatancen gajere ne: Ifa na maganar arziki, haihuwa da tsawon rai, Libet kuwa motsin hannu ya auna.