Abin da kalmar "Red" take nufi a jaridun Amurka na shekarun 1950

A Turancin yau da kullum "red" launin ja ne, amma wanda ya buɗe jaridun Amurka na tsakanin 1947 da ƙarshen shekarun 1950 zai yi ta cin karo da ita a kanun labarai da babban baƙi, tana nufin ɗan kwaminisanci ko wanda ake zargin yana da ra'ayinsu. Asalin sunan daga jar tutar masu juyin juya hali ne, wadda 'yan Bolshevik, wato 'yan kwaminisancin Rasha, suka ɗaga a 1917, har suka raɗa wa rundunarsu sunan launinta.

Abin da ya sa editoci suka rungumi kalmar ba siyasa ce kaɗai ba, har da ƙarancin wuri. A zamanin da ake jera haruffan dalma, kanun labari dole ya shiga faɗin layin da aka ware masa, kuma cikakken sunan ɗan kwaminisanci a Turanci haruffa tara ne, wannan kuwa uku kacal. Sai dai wannan sauƙin ya jawo ɓarna mai yawa, domin haruffan nan uku sun yi wa mutane daban-daban kuɗin goro. Da su ake kiran Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, da su ake kiran sojojin Sin da suka shiga yaƙin Koriya a 1950, da su kuma ake kiran malamin makarantar da ya taɓa sa hannu a wata takardar koke shekara goma sha biyar baya. Mai karatu da ya tsaya a kanun labari, kamar yadda yawancin mutane suke yi, ba shi da hanyar bambance su.

Sanata Joseph McCarthy ya fi kowa cin moriyar wannan hali. A ranar 9 ga Fabrairun 1950, a garin Wheeling na jihar West Virginia, ya yi iƙirarin cewa yana riƙe da sunayen 'yan kwaminisanci 205 da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Ƙa'idar aikin jarida a lokacin ita ce duk abin da sanata ya faɗa labari ne, a buga shi kamar yadda ya faɗa, ba ruwan ɗan jarida da tantance gaskiyarsa. Saboda haka zargi yakan hau shafin farko, musun wanda aka zarga kuwa sai washegari, can cikin jarida inda ido ba ya kaiwa. A ganina wannan ce babbar kasawar jaridun zamanin, domin sun ɗauka cewa kawo maganar kowa ba tare da bincike ba shi ne adalci.

Wanda ba a iya kiransa ja kai tsaye ba, sai a ce masa "pink", wato ruwan hoda, ma'ana yana da ɗan jirwayen ja. A takarar kujerar sanatan Kalifoniya ta 1950, 'yan kamfen ɗin Richard Nixon sun buga bayanin ƙuri'un da abokiyar hamayyarsa Helen Gahagan Douglas ta kaɗa a majalisa a kan takarda ruwan hoda, kuma Nixon ne ya ci zaɓen. Tsoron kalmar ya kai har ƙungiyar wasan ƙwallon gora (baseball) ta Cincinnati Reds ta sauya suna zuwa Redlegs na wasu shekaru.

Bayan majalisar dattawa ta tsawata wa McCarthy a Disambar 1954, jifan 'yan ƙasa da kalmar ya fara raguwa, ko da yake an ci gaba da laƙaba ta wa ƙasar Sin har shekarun 1970. Tun daga zaɓen 2000 kuma, idan jaridar Amurka ta kira jiha ja, tana nufin jihar da ke zaɓen jam'iyyar Republican, wadda ita ce jam'iyyar McCarthy da Nixon.